Fentin injin babur yana ɓarewa, ga farin gari a ƙarƙashinsa: yadda ake sake masa fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon babur, irin wanda iska ke sanyaya injinsa, ba shi da lagireto. Yana tashi lafiya lau, ba ya hayaƙi, amma fentin injin ya kumbura yana ɓarewa, in na ɗaga shi da farce sai in tarar da wani farin gari a ƙasa. Notocin kuma duk sun yi tsatsa. An ba ni shawara in kankare inda ya ɓare in fesa fentin salansa, wai shi ne mai jure zafi. Haka ne? Kuma dole sai na sauke injin daga jikin babur ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu zo kan fenti, koma ka tsuguna gaban injin ka duba inda ɓarewar ta fi yawa. Kusan kullum za ka same ta a gaba, inda tayar gaba ke watso ruwa da tsakuwa, da ƙasan inji, da kewayen kawunan notoci, da bakin murafu inda fenti ya fi siranta. Da zafi ne ya kashe fentin, da ɓarnar ta faro daga bakin salansa, tunda nan ya fi ko'ina zafi, kuma da fentin ƙonewa zai yi ya dushe. Kumburi da farin gari aikin ruwa ne. Wanda ya ba ka shawarar fentin salansa yana neman maganin cutar da injinka ba shi da ita.

Yawancin jikin injin babur alminiyom ne na zubi. Shi ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce ke tsare shi. Gishiri ne ke huda wannan fata, ko na iskar bakin teku, ko wanda ake barbaɗawa a titi a ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, ko wanda ke cikin laka da wasu sabulan wanki. Tsakuwa ta fasa fenti, ruwa ya shiga ya kwanta a ƙarƙashi inda ba ya bushewa da wuri, ya fara cin alminiyom ɗin. Abin da ya ci shi ne yake zama farin garin nan, kuma garin ya fi ƙarfen da ya fito daga cikinsa cin wuri, sai ya ɗaga fentin, ruwa ya ƙara samun hanya. A kewayen notoci abin ya fi sauri, domin ƙarfe iri biyu ne suka haɗu da ruwa mai gishiri a tsakaninsu, sai su zama ɗan ƙaramin batir, kuma alminiyom ne ke narkewa a wannan haɗin. Garin kansa yana riƙe danshi. In ka fesa sabon fenti a kansa, tamkar ka ɗinke miki ne da ruɓa a ciki: zai yi kyau na 'yan watanni, sannan ya sake kumbura a daidai wuraren da ya kumbura a da.

To aikin gaba ɗaya a kan abu biyu yake, fitar da wannan gari har ƙasan raminsa, da fitar da maiƙo. Feshin kansa bai fi na awa ɗaya ba.

Ka fara da neman yoyo. Wanke injin sama-sama, ka bari ya bushe, ka hau babur ɗin ka ɗan zaga, ka dawo ka duba da tocila. In ka barbaɗa hoda a wuraren da kake zargi, sawun mai zai fito fili. Wuraren da aka saba su ne gasket ɗin murfin bawul, gindin silinda, robar da ke tare mai a sandar giya, da wadda ke bayan ƙaramin sifaket. Duk abin da ke yoyo ka gyara shi yanzu. Haka kafireta mai ɗigar da fetur a kan inji, ita ce babbar abokiyar gabar sabon fenti.

Game da sauke inji, ba dole ba ne, amma aikin ya fi kyau in an sauke. Yana jikin firam ba za ka kai ga bayan silinda da saman kes, wato akwatin ƙasan injin, yadda ya kamata ba, kuma rufe abubuwan da ke kewaye da shi zai ci maka lokacin da ya kusa kai na saukewar. In injin mai silinda ɗaya ne, mutum biyu za su ɗauke shi ba wahala, don haka ni dai sauke shi zan ce ka yi, a dunƙule, ba tare da ka buɗe cikinsa ba. Injin da ke aiki lafiya ba a farke shi saboda fenti. Murafun gefe kaɗai, na kuloci da na kwayil, su ne ya fi a cire a yi musu nasu aikin a kan tebur, a mayar da sabon gasket. In kuwa ka zaɓi barinsa a jiki, aƙalla ka cire batir, tanki, kujera, salansa, kafireta da makaran ƙafa. Ko wanne ka zaɓa, toshe ramin shigar iska da na fitar hayaƙi da tsumma mai tsabta ka bi da salatif, ka ɗaura tsohon fulogi a raminsa, ka toshe bututun numfashin inji.

Wanki yana zuwa kafin kankara. Mutane da yawa suna juya wannan tsari, su ɗauki samfefa su hau inji mai maiƙo. Alminiyom na zubi yana da ƙananan kofofi, samfefa kuwa cusa maiƙon take yi cikinsu. Jiƙa tsohon giris da baƙin mai da kananzir, ka goge da buroshin fenti mai tauri da tsohon buroshin haƙori, ka bi da sinadarin cire maiƙo ko sabulu da ruwan zafi, ka ɗauraye sosai. Kada ka yi wanki da fetur, tururinsa kwanciya yake yi a ƙasa yana jiran tartsatsi. Abin da ya fi muhimmanci, ka nisanci kostik soda da duk wani abin wanki da ke ɗauke da ita. Tana cire maiƙo da fenti da sauri, shi ya sa ake ruɗuwa da ita, amma cin alminiyom take yi, ta bar shi ya yi baƙi-baƙi da kaushi, tana kuma fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. In za ka yi amfani da injin wanki mai ƙarfin ruwa, kada ka saita bakinsa kan robobin tare mai ko inda wayoyi ke fitowa.

Bayan wankin farko sai ka ɗumama injin. In yana jikin babur, mayar da abin da ya wajaba ka tayar da shi ya yi zafi. In a ƙasa yake, bi shi da na'urar hura iska mai zafi. Ka leƙa tsakanin haƙarƙarin silinda, wato faifayen nan da iska ke ratsawa, da kusurwoyin kes: wurin da ɗazu ya bushe fari fat za ka ga ya fito da duhun tabo mai ɗan sheƙi. Man da ƙarfen ya sha shekara da shekaru ne yake gumi. Goge shi, ka sake ɗumamawa, har sai ya daina fitowa. In ba ka fitar da shi yanzu ba, ranar da ka fara tayar da injin bayan fenti zai fito da kansa ta ƙarƙashi.

Sai batun ko za a cire tsohon fentin duka. Gwada shi: a wurin da kake ganin lafiya yake, tsaga layuka masu gicciye da reza, ka manna salatif mai ƙarfi ka danna, ka fizge. In fentin bai biyo ba, ya kama, kuma fentin kamfani da ya kama shimfiɗa ce mai kyau. Sai ka cire wanda ya lalace, ka wuce iyakar kumburin da kamar santimita ɗaya ko biyu, domin cin yana gaba da abin da ido ke gani, ka goge gefen tsohon fentin ya kwanta har yatsa ya daina jin tudu. In salatif ya ɗauko shi, ko ɓarnar ta watsu ko'ina, ko wani ya taɓa fesa wani fenti da ba ka san irinsa ba, cire duka ya fi sauƙi. Nan sinadarin cire fenti ke amfani. Karanta jikin gwangwanin ka tabbata an ce ya dace da alminiyom. Masu saurin aiki na da suna ɗauke da sinadarin dikuloromitan, wanda jiki ke mayarwa iskar kabon monoksaid in an shaƙe shi. Tarayyar Turai ta yanke hana sayar wa jama'a irinsa a 2009, Amurka ta bi sahu a 2019, amma har yanzu ana samunsa a wasu ƙasashe. In shi ka samu, a fili za ka yi aikin, da safar hannu da tabarau. Kwashe fentin da ya yi laushi da katako ko roba mai tauri, kuma kada sinadarin ya taɓa robobin tare mai.

Yanzu ga aikin da ke cin rai. Buroshin waya na ƙarfe gama-gari, da soson ƙarfe, ba a sa su a kan alminiyom. Suna barin ƙananan gutsattsarin ƙarfe a nutse cikinsa, su yi tsatsa daga baya, su tayar da irin cin da kake ƙoƙarin kashewa. Na tagulla ma yana barin nasa. Nemi buroshin ƙarfen da ba ya tsatsa, sabo, wanda bai taɓa gogar baƙin ƙarfe ba, ko soson nailan mai kaushi irin Scotch-Brite. A wuraren da cin ya yi yawa fara da samfefa mai lamba 180 ko 240, ka ƙare da 320 ko 400, ka tsaya nan. Kada ka goge har ya yi santsi yana ɗaukar ido, fenti yana buƙatar ɗan kaushin da zai riƙe. Gara ka goge da ruwa, saboda wasu tsofaffin injuna suna da shimfiɗar fenti mai ruwan ɗorawa ko kore-kore da ke ɗauke da sinadarin kuromet, ƙurarsa kuwa tana jawo ciwon daji.

Tsakanin haƙarƙarin silinda babu dabarar da za ta raba ka da zama. Fere siririn katako daidai faɗin ramin, ka naɗa masa samfefa, ko ka yanka soson nailan dogo-dogo ka tura da shi har ƙuryar ramin, inda faifan ya haɗu da jikin silinda. Nan ne garin ya fi taruwa, nan ne kuma kowa ke tsallakewa saboda ba a gani sai an haska. Kada ka cusa sukudireba kana dannawa a tsakaninsu, faifan zubi karyewa yake yi, ba ya lanƙwasa.

In ka gama, za ka ga ƙarfen ya yi haske amma da ɗige-ɗige masu duhu. Matso da ido: kowanne ɗan rami ne, da fari-fari a ƙasansa. Samfefa ta bi ta samansu ta wuce. Sai ka bi su da bakin buroshi ko tsinin allura mai kauri, ka ƙarasa da ruwan wanke alminiyom mai asid ɗin fosforik, ka ba shi 'yan mintocin da aka rubuta, ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka busar da iska. Ka guji irin masu ƙarfin nan na haskaka rim da ke ɗauke da asid ɗin haidurofulorik, yana ratsa fata ya yi mummunar ɓarna kafin mutum ya ji zafinsa. Ramukan da suka tsabtata, in kana son wurin ya yi sumul, cike su da gam ɗin efoksi na ƙarfe mai jure zafi, a kan murafu da kes kawai. Ramin da ya kusa huda murfi, ko ya ci fuskar da gasket ke zama, wannan murfin canja shi za a yi.

Za ka ji ana cewa a kai a fesa masa yashi a huta. Feshin yana fitar da cin har ƙasan rami cikin mintoci, gaskiya ne. Amma yashi ko garin gilas ba a fesa su a injin da ke haɗe, komai yadda aka toshe shi. Ƙwayoyin suna samun hanya, su shiga mai, su bi shi zuwa boris da famfon mai da bangon silinda. Ko a kan sassan da aka warware, sai an wanke kowace hanyar mai da buroshi da ruwan zafi da iskar kwamfireso sau da yawa, domin ƙwayar da ta maƙale sai inji ya yi zafi take sakin kanta. Yashi na gama-gari kuma ƙurarsa tana taurara huhu, cutar da ba ta warkewa. Mai dama-dama ga injin da ba a buɗe ba shi ne feshin garin bekin soda, tunda yana narkewa a ruwa. Yana cire fenti da kyau, ba ya kai wa ga cin da ya yi zurfi, kuma dole a wanke ragowarsa tas, in ba haka ba fenti ba zai kama ba.

Ba duka injin ne alminiyom ba. Bi shi da maganaɗisu. Wasu silindoji baƙin ƙarfe ne na zubi, su za ka ga jan tsatsa a kansu, kuma a nan buroshin waya na ƙarfe ya halatta, sai ka bi da maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik wanda ke mayar da ita baƙa. Wasu babura kuma murafunsu na magniziyom ne. In murfi ya yi rashin nauyi fiye da yadda ka zata, kankare ɗan wuri ta ciki ka ɗiga binega: magniziyom zai yi kumfa, alminiyom ba zai yi ba. In shi ne, kada ka sa masa ruwan asid, kada ka tara ƙurarsa kusa da wuta, kuma ka rufe shi da fenti nan take domin ya fi saurin ci.

Notocin murafu da suka yi tsatsa canja su ya fi yi musu fenti, tunda sifana za ta ɓare shi a ɗauri na farko. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka zana murfin a kan kwali ka soka kowane noti a gurbinsa. In za ka sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, shafa wa zarensu man hana kamewa, ka sassauta hannu wajen ɗauri, domin noti mai mai yana saurin cinye zaren alminiyom. Notocin da ke riƙe kan silinda kuwa ka bar su inda suke, goge kawunansu kawai.

Kafin rufewa yi gwajin ruwa. Watsa ruwa mai tsabta a kan ƙarfen. In ya bazu ya kwanta shimfiɗe, wurin ya tsabtata. In ya tattaru ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo. Busar da shi sarai, musamman ramukan notoci da ƙuryar haƙarƙari, sannan ka goge da asiton ko ruwan goge jikin mota na masu fenti, da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe yana bin sa kafin ya bushe. Daga nan hannu ba safa ba ya sake taɓa shi. Ka nisanta duk wani feshi mai silikon daga wurin, irin na sheƙin taya da roba, ƙwayarsa ɗaya tana sa fenti ya buɗe ido-ido. In da ruwan wanke birki ka goge, ka sani wasu irinsa masu kulorin ne, in wuta ko zafi mai tsanani ya taɓa su suna fitar da iskar fosjin mai kisa. Kuma ranar da ka yi gugar ƙarshe, ranar za ka yi fenti, domin alminiyom ba ya jira, yana ta sake yin fatarsa.

Abubuwan rufewa: duk fuskar da gasket ke zama, robobin tare mai da sandunan da ke fitowa ta cikinsu, gilashin duba mai, wayoyi, wurin zaman fulogi, da wurin da wayar batir ke ɗaure da jikin inji, domin fenti a nan yana hana sitata da caji aiki yadda ya kamata. Wuraren da inji ke haɗuwa da firam ma a bar su ba fenti, kauri a ƙarƙashin noti murƙushewa yake yi daga baya, notin ya saki. Lambar inji ka rufe ta, ko ka yi mata shafa ɗaya siririya yadda za ta karantu. Takardar alminiyom ta naɗi ta fi jarida daɗin rufe wayoyi da abubuwa masu lanƙwasa, tana kama siffarsu ba sai da salatif ba.

Mu dawo kan fentin salansa. Bakin salansa yana kai ɗaruruwan digiri, har ya wuce 500 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ake yin fentinta ya jure 650 ko fiye. Irin wannan fenti ba ya taurara da gaske sai an gasa shi da zafi mai yawa. Kes da murafun injinka kuwa zafin mai suke bi, wajen digiri 80 zuwa 120. Ba za su taɓa kai zafin da zai gasa shi ba. Sai ya zauna da laushi, ya riƙa gogewa a jikin takalmi, fetur ya ɗiga ya wanke shi, ga shi siriri ne ba ya tare ruwa sosai. Abin da kake buƙata shi ne fentin da aka rubuta na inji ne, wanda ke jure wajen digiri 260 zuwa 290. Wannan ya ishi kes da silinda, ya ishi kan silinda ma a yawancin babura, sai dai ɗan kewayen bakin salansa da kan dushe da daɗewa. An kuma yi shi ya jure mai da fetur bayan ya gasu. Fentin gwangwani na gama-gari bai dace ba ko kaɗan.

Wanda ya fi duka ƙarfi a kan murafu da kes shi ne fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan taurarawa, irin na masu fentin mota. Fetur ba ya masa komai. Amma ruwan taurarawar yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai jawo asma, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi. In kana son sa, kai murafun wa mai fenti da ke da kayan kariya. Fentin gari da ake gasawa a wajen digiri 180 zuwa 200 shi ma yana da ƙarko, sai dai sai an warware sashen an cire duk roba da boris, kuma yana da kauri, ban so shi a kan haƙarƙarin silinda.

Batun firaima, wato shimfiɗar da ake fesawa kafin fenti, ya danganta da fentin da ka saya, kuma abin da ke jikin gwangwaninsa shi ne hukunci. Wasu fentin inji kai tsaye ake fesa su kan ƙarfe, wasu suna da nasu firaima mai jure zafi, kuma ka sayi duka biyun daga kamfani ɗaya. A kan murafu da kes, firaima mai ɗan asid da ke cizon alminiyom tana taimakawa ƙwarai, shafa ɗaya siririya wadda kana hango ƙarfen ta cikinta. A jikin silinda da kan silinda, firaimar da ba a rubuta tana jure zafi ba ita za ta fara saki, gara babu ita.

Wasu na tsoron fenti zai sa inji zafi, wasu kuma na cewa baƙi ne ke sanyaya shi. Siririn fenti, ko wane launi ne, yana fitar da zafi ta haskakawa fiye da alminiyom mai sheƙi, amma iskar da ke ratsa haƙarƙari ita ke ɗauke mafi yawan zafin. Launi zaɓin ido ne. Kauri shi ne abin gudu. Baƙi marar sheƙi sosai yana da wata fa'ida dai, yana ɓoye tabon ramuka fiye da ruwan azurfa.

Zaɓi rana busasshiya, wurin da iska ke shiga amma ba ta kwaso ƙura, ba cikin rana tsaka ba, zafin wuri tsakanin digiri 15 da 30. Danshi yana sa fenti ya yi hazo-hazo. Sa takunkumi mai tace tururin sinadarai. Girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. In ya yi sanyi, tsoma shi a ruwa mai ɗumi, kada ka kai shi kusa da wuta. Riƙe shi nesa da santimita 20 zuwa 30. Fara da wurare masu wuya, tsakanin haƙarƙari, daga sama-sama sannan daga ƙasa-ƙasa, da gajerun feshi, kafin ka zo kan shimfiɗaɗɗun wurare. In ka fara da masu sauƙi, wajen neman kai wa lunguna za ka cika su har fenti ya zubo. Shafar farko ta zama yayyafi, ana ganin ƙarfe ta ciki. Bayan kamar minti 10 ka yi ta biyu irinta, sannan ta uku mai ɗan jiƙa wadda za ta ba da launi. Uku sun isa. Yawancin fentin inji suna da ƙa'ida: ko ka gama duk shafofin cikin awa ɗaya, ko ka jira kwana 7 kafin ka ƙara. Wanda ya dawo washegari ya ƙara shafa ɗaya "don ya ƙara kyau" yakan tarar fentin ya yamutse. In wani wuri ya zubo, ƙyale shi, bayan mako ka goge ka gyara. Cire salatif tun fentin bai gama taurara ba, kana ja baya-baya, don kada ya ɓaro gefe.

Bushewa daban, gasuwa daban. Fentin zai bushe a hannu cikin awa ɗaya ko biyu, amma farce zai shige shi, fetur kuma zai narka shi, har sai ya sha zafi. Kamfanin VHT, alal misali, yana cewa a gasa fentinsa na inji a digiri 93 na awa ɗaya, ko a bar zafin injin ya yi aikin. Ba shi aƙalla yini da kwana kafin ka taɓa, in da hali kwana biyu ko uku kafin ka mayar da shi firam, ka naɗe bututun firam da tsumma saboda gogayya. Sannan ka tayar da shi kamar minti 10, ka kashe ya huce sarai, ka sake na minti 20, ya sake hucewa, sai ka hau ka yi tafiya ta rabin awa ba gudu ba. Tunda injinka iska ke sanyaya shi, kada ka bar shi yana aiki a tsaye ya daɗe, in dole ne kunna masa fanka. Zai yi wari da ɗan hayaƙi a karon farko, ba komai ba ne. A makon farko ka kula wajen shan mai da wajen taɓa kafireta, ka shimfiɗa tsumma a kan inji. Man birki kuwa ko bayan shekara cin fenti yake yi, in ya ɗiga ka wanke da ruwa nan take.

Daga baya, in ka bi laka ko ruwa mai gishiri, bari injin ya huce ka ɗauraye shi da ruwan sanyi, ka tayar da shi ya bushe kafin ka rufe babur ɗin da tamfol. Ƙara wa madigadin gaba 'yar roba ta sauko ƙasa tana rage tsakuwar da ke dukan gaban inji. Ka ajiye ragowar fentin, duk inda ya ƙwarzane ka fesa kaɗan a murfin gwangwanin, ka ɗiga a wurin da tsinken ashana kafin ruwa ya riga ka.